Jan kunnen yaro da renon ranar Asabar: amsa ga mai aikin sa-kai a Ingila

Wata ƙanwarmu ta rubuto daga Ingila. Watanta huɗu da zuwa, tana aikin sa-kai a wata ƙungiyar coci mai kula da yara bayan an tashi makaranta. Ta ce: "Anti, shekara shida ina koyarwa a makarantar Lahadi a gida, ba a taɓa kuka da ni ba. A nan wani yaro ya watsa wa ɗan'uwansa fenti, na ɗan ja kunnensa, sai ga ni a ofis, har da rubuta rahoto. Ko bayan gida ba a barina in raka yaro ni kaɗai, sai ka ce ɓarauniya. Ga Mama kullum tana tambayar yaushe zan fara aike. Wata mata a cocinmu ta ce in riƙa yi mata reno ranar Asabar, ta biya ni hannu da hannu. In karɓa?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Renon nan kada ki karɓa. Bizar da ke hannunki, wadda suke kira Charity Worker, an ba ki ita ne bisa sharaɗin ba za a biya ki ladan aiki ba. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyinki za ta iya ba ki masauki da abinci da kuɗin mota, iyakarta ke nan. Aikin kuɗi a gefe karya sharaɗi ne, kuma yana iya jawo a soke miki izinin zama, ya bi ki duk ranar da kika sake neman biza. Matar nan wataƙila taimako take nufi, amma in abu ya ɓaci, tana zaune a gidanta, ke ce a jirgi. Ki kuma riƙe a ranki cewa bizar ba ta wuce wata 12, ba ta kai mutum ga zaman dindindin, kuma sai kin yi wata 12 bayan ƙarewarta kafin ki sake samun irinta.

Zancen kunnen yaro shi ya fi tsaya mini a rai, don na san zafinsa. Ke kin yi ne da zuciyar uwa. Amma a can, a wurin kula da yara irin naku ba a yarda ma'aikaci ya doki yaro ko kaɗan, kuma jan kunne ma a wurinsu duka ne. Tun 1987 aka daina bulala a makarantun gwamnati. Sikotilan ta hana har iyaye a 2020, Wales ta bi sahu a 2022. Rahoton da aka rubuta ba ƙiyayya ba ce, shugabarki ma da ta yi shiru ita za a tuhuma.

Wannan tsauri yana da tushe. A Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara 8 daga Kwaddebuwa, Victoria Climbié, ta mutu a Landan saboda azabar da mariƙiyarta da saurayin matar suka gana mata. Asibiti biyu sun gan ta, 'yan sanda da jami'an jin daɗin jama'a sun san da zamanta, an kai ta coci ma, wani fasto ya ce aljanu ne. Kowa ya ga wani abu, kowa ya bar wa wani. Binciken da ya biyo baya shi ya haifar da dokar yara ta 2004. Irin wannan abu ne ya sa coci-coci a yau suke da mutum guda wanda aikinsa kare yara, aka bincike ki ta DBS, hukumar da ke duba ko mutum yana da tarihin aikata laifi, kafin ki fara, aka kuma nemi shaidar 'yan sanda daga gida. Fasto ma binciken nan bai tsallake shi ba. Ni a ganina mu masu bi ne ya kamata mu fi kowa son wannan tsari, domin mugu ya san inda ake yarda da mutum saboda ya iya addu'a.

To, ki koma wurin shugabarki, ki ce kin gane, ki roƙi a sa ki a horon kare yara na gaba. Kada ki kaɗaita da yaro a ɗaki rufe. Kada ki ɗauki hotonsu a wayarki, balle ki sa a Facebook don 'yan cocinku na gida su gani. Idan yaro ya sake watsa fenti, ki durƙusa har idonki ya daidaita da nasa, ki kira sunansa a hankali, ki miƙa masa tsumma ya goge da kansa. Za ki sha mamakin yadda suke jin wannan. In kuwa wata rana yarinya ta raɗa miki, "Zan gaya miki wani abu, amma kada ki faɗa wa kowa," kada ki ɗauki alkawarin. Ki saurara, ki rubuta kalamanta yadda ta faɗa, ki kai wa mai kula da kare yara a ranar. Ki yi mata addu'a, amma rahoton ma dole ne.

Hunturu na tafe, a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, kuma kewa ta fi cizo a lokacin. Ki yi rajista da likitan unguwa tun yanzu, kyauta ne. Ki samu zumunci ɗaya wanda ba na wurin aikinki ba, inda za ki zauna a yi miki hidima ke ma.

Saura Mama. Ina zaton ba a taɓa zaunar da ita an faɗa mata cewa aikin ba albashi ba, ita dai ta ji 'yarta tana Turai. Ki kira ta ranar da hankalinta yake kwance, ban da sauran 'yan gida a kusa. Ki ce, "Mama, hidimar Ubangiji na zo yi, ba a biyana, kuma doka ta hana ni neman kuɗi. Shekara ɗaya ce, zan dawo da takardar shaidar aiki." Za ta iya yin shiru, ranta ya ɗan sosu. Ki bar ta ta huce, ki sake kira ranar Lahadi bayan an tashi sujada.