Hoton zuciya kafin ciwo ya bayyana: wa ya dace ya yi?

Tambaya: Likita, shekarata 52, ina shan maganin hawan jini, ba na shan taba, kuma babu inda ke min ciwo. Bugun zuciya ne ya yi ajalin mahaifina yana da shekara 54. An yi min ECG aka ce lafiya lau. Ko akwai buƙatar in yi hoton zuciya na CT?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, Malam. Kada sakamakon ECG ya sa ka saki jiki. Aikinsa auna lantarkin zuciya ne, ba ya leƙa cikin jijiyoyin da ke ciyar da ita. Jijiya na iya cunkushewa da kitse sosai, ECG ya fito sumul.

Hoton da kake nufi yana neman kalsiyam ne a bangon jijiyoyin. Kitsen da ya daɗe maƙale a wurin yakan tara kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya taurare kamar tsakuwa, na'urar kuwa tana ganinsa fari fat. Babu allura, minti 10 zuwa 15 an gama, tururin da ke shiga jiki kuma kaɗan ne. Sakamakon lamba ce, bisa ma'aunin da likitan zuciya Arthur Agatston ya fitar a 1990. Sifili na nufin ba a ga komai ba. Daga 1 zuwa 99 cutar cunkushewar jijiyoyin zuciya ta soma. In ta kai 100, ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka ta 2018 ta ce a fara maganin rage kitsen jini, wato statin. Sama da 300 kuwa haɗarin babba ne.

Ni a ganina, amfanin hoton shi ne raba gardama. Ya fi dacewa da ɗan shekara 40 zuwa 75 da haɗarinsa ke tsaka-tsaki, shi da likitansa suna ta kai-komo kan a fara magani ko a jinkirta. Wanda aka riga aka tabbatar masa da cutar, hoton ba zai sauya masa komai ba.

Kai kam kana cikin waɗanda zai iya amfana, amma da sharaɗi. Uba da ya kamu kafin shekara 55, ko uwa kafin 65, alama ce mai nauyi, har ta kai ko sifili ka samu ba za a ce ka tsira ba. Haka mai ciwon suga da mashayin taba. Dalili kuwa, sabon kitse mai laushi ba ya fita a wannan hoton, alhali shi ne ya fi saurin fashewa ya toshe jijiya. Ganinsa sai da wani hoton CT daban, wanda ake zuba ruwan rini ta jijiyar hannu.

Ka fara da gwajin kitsen jini da na suga, ka kai wa likitanka ku yanke shawara. In kuwa ka taɓa jin nauyi a ƙirji ko haki in kana hawan bene, ka bar batun wannan hoton, ka ga likitan zuciya a ranar.