Ƙanena yana gidan yari, ya ce karatu yake so

Tambaya: Assalamu alaikum. An yanke wa ƙanena ɗaurin shekara 6, ya yi 2. A ziyarar da na kai masa ya roƙe ni littattafan rubutu da biro, ya ce yana son ya ƙarasa sakandaren da ya bari, kuma ya fara rubuta labarin rayuwarsa. Yayyenmu sun ce ɓarnar kuɗi ce. Shin akwai amfani a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya fito da shi lafiya. Ki kai masa, kada ki yi jinkiri. Ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Mandela, sun tanadi a ba ɗaurarru ilimin da zai dace da na makarantun waje, domin su ci gaba da karatu bayan an sake su. Wani bincike da cibiyar RAND ta Amurka ta fitar a 2013 ya nuna cewa yiwuwar komawa kurkuku ta ragu da kashi 43 cikin 100 ga waɗanda suka yi karatu a tsare. Wannan kaɗai, a ganina, ya isa amsa ga yayyenku.

Batun rubutun ne ya fi bukatar hattara, domin takardar fursuna ba ta da tabbas. Marubuci Ngugi wa Thiong'o na Kenya a kan takardar banɗaki ya rubuta littafi guda a kurkukun Kamiti a 1978. Shi kuwa Nelson Mandela, da ya rubuta tarihinsa a ɓoye a tsibirin Robben, sai ya binne takardun a lambun kurkukun. Da gandirebobi suka tono su, aka hana shi karatu na shekara 4. Abin da ya ceci aikin shi ne kwafin da wani abokin zamansa ya fita da shi.

Saboda haka ƙanenki ya yi nasa a fili. Ki tambayi hukumar gidan abin da aka yarda a shigar da kuma ko ana zana jarrabawa a ciki. Duk littafin da ya cika, ki nemi izinin fita da shi ki adana. Idan kuma akwai ɗaukaka ƙara a gaba, kada ya rubuta komai kan shari'ar sai ya shawarci lauyansa.