Bangon Ƙasa da Fentin Gwangwani

Ɗana, jiya da muke aiki a ƙofar zauren nan na tsohuwar unguwa a nan Marwa, arewacin Kamaru, ka tambaye ni: "Maigida, don me muke wahalar jiƙa farar ƙasa da ƙaro, alhali ga fentin mai nan a kasuwar Marwa, ya fi haske, ya fi daɗewa?" Hannuna na cikin kwaɓi a lokacin, ban ba ka amsa yadda ya kamata ba. To, saurara.

Gobe da sassafe, kafin rana ta taɓa bangon, ɗora tafin hannunka a gindinsa. Za ka ji sanyi-sanyi. Bangon ƙasa yakan sha ruwa da damina, ta sama da ta tushe, sannan ya riƙa fitar da danshin ta fuskarsa a hankali har hunturu ya kama. Fentin mai kuwa fata yake yi a kan bango, ya toshe shi ruf. Danshi ya rasa mafita, ya taru a baya, fentin ya yi bororo ya ɓare. Kuma ba shi kaɗai yake saukowa ba, da naman bangon yake tafiya.

Ni da kaina na yi wannan ɓarnar ina saurayi. Wani attajiri ya ce in yi masa shafen siminti a bangon zauren da ya gada, in zana dagi da kore da ja na gwangwani. Ranar da na gama, masu wucewa har tsayawa suke yi. Bayan damina biyu aka aiko kirana. Na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, sai na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Na sa cokalin gini na ɗan taɓa, falle guda ya zube a ƙafata, bayansa tubali ya koma gari, gara ta yi hanyoyi a ciki. Zauren da kakansa ya gina ne. Mutumin bai zage ni ba, shiru kawai ya yi yana kallon wurin, kuma har yau shirun nan yana damuna.

Magabatanmu sun san abin da suke yi. A Kano da Zariya da Damagaram, ɓawon ɗorawa suke jiƙawa su sami makuba, su kwaɓa da ƙasa su shafe bango. Tana kore ruwan sama amma ba ta hana bango numfashi. Saman soro kuma laso suke yi masa, da katsin marina, wato abin da ke kwantawa a ramin rini, da gashin jima da dafara, wani tsiro mai yauƙi. Duk abin da suka ɗora wa ƙasa, ɗan'uwanta ne. In ka sami zuwa Njamena wata rana, ka ƙarasa Gawi, garin Kotoko da ke kusa da birnin, ka ga yadda matan garin ke zana bangon gidajensu da launukan ƙasa. In zanen ya koɗe su sake. Sakewar nan ba asara ba ce, a wajen sakewa ake ganin tsaga tun tana ƙarama a toshe ta.

Haɗin namu ba wuya, haƙuri yake so. Jar ƙasa da farar ƙasa a daka su a tankaɗe, baƙi kuma gawayi ko kunkunniya. Ƙaro ka jiƙa shi tun dare, da safe ka tace da tsumma. Kada ka tambaye ni mudu nawa, domin ƙasar bakin kogin nan namu Mayo Kaliyawo daban take da ta gindin dutse. Shafa kaɗan a wata kusurwa ka jira ta bushe, ka goga hannu. In ya kama tafinka fari fat, ƙaro ya yi kaɗan. In yana sheƙi yana tsattsagewa, ya yi yawa, ƙara ruwa. Zanen da ke tasowa daga jikin bango kuwa, tun yaɓe yana ɗanye ake fitar da shi da yatsu. Shi ya sa nake hana ka kwaɓa abin da ya fi ƙarfin aikin safiya. Iskar hunturu ba ta jiran kowa, tana busar da fuska ciki na ɗanye, sai ka ga zane ya dare.

Ban ce fentin gwangwani haramun ba ne. A bangon bulo, shagon aski ko katangar makaranta, sa abinka, ni ma da shi nake ci. Sai dai ka bar sabon shafen siminti ya yi kamar kwana 28 tukuna, in ba haka ba gishirinsa zai cinye launin.

Sauran magana ɗaya, tunda na ga kana zana fuskokin 'yan ƙwallo a littafinka. A tsohuwar unguwa bango na mai gida ne, kuma da yawansu ba sa son surar mutum a ƙofarsu. Tambaye shi tukuna. Dagi, allo, takobi, har keke da mota, duk an sha ɗora su a bangon Hausawa.

Gobe ka riga ni zuwa. Ka ɗauko rariya da bokiti biyu, ka yayyafa wa bangon gabas ruwa kafin in iso. Ƙaron da za mu yi aiki da shi, jiƙa shi yau bayan isha'i.