Waƙoƙin littafi a daren makoki: amsa ga ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ka ce dattawan ikilisiya sun ɗora maka jan waƙa a daren makokin tsohon nan maƙwabcinku a Wusasa, ka kai musu jerin korus da kibod, suka ce a'a, a koma littafin waƙoƙi. Kana tambaya ko doka ce ko rigimar tsufa, kuma in ya zama dole, yaya za ka tsara abin ba tare da ka ji kunya ba.

Babu dokar da ta hana korus. Kolosiyawa 3:16 ta lissafa zabura da waƙoƙin yabo da waƙoƙin ruhu a jere, ba ta fifita ɗaya ba. Amma dubi waɗanda za su cika tabarmi a wannan dare. Tsofaffi ne da suka haddace waƙoƙin nan tun suna makarantar Lahadi, 'ya'yan gidajen da suka biyo mishan lokacin da ta tashi daga birnin Zariya ta koma Wusasa a 1929, waɗanda iyayensu suka fara karanta cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Wanda aka yi wa rasuwa bakinsa nauyi yake yi, ba ya iya haɗa addu'ar kansa. Waƙar da ya sani tun yarinta ita ke yi masa addu'ar, shi dai bin ta kawai yake yi. Korus layi ɗaya ne ko biyu a yi ta juyawa, yana da daɗi ranar godiyar kaka. Waƙar littafi kuwa tafiya take: baitin farko damuwa, na tsakiya gicciye, na ƙarshe kabari da tashi. Saboda haka in lokaci ya ƙure, ka tsallake baiti na tsakiya, amma kada ka kuskura ka yanke na ƙarshe. Wanda ya yi haka ya kai mutane bakin rafi ya bar su a can.

Biyu daga ciki sai ka san asalinsu kafin ka ja su.

Ta farko ita ce wadda ke roƙon Ubangiji ya zauna tare da mu domin magariba ta yi. Wani limamin coci a Ingila, Henry Lyte, ya rubuta ta a 1847 yana fama da tarin fuka, bai kai ƙarshen shekarar ba. Tushenta Luka 24:29 ne, inda almajirai biyu a hanyar Imuwasu suka riƙe baƙon da ba su gane Yesu ne ba, suka ce ya kwana domin rana ta yi nisa. Wannan ko a Zazzau ɗabi'armu ce, ba a barin baƙo ya kama hanya da almuru. Ita za ka buɗe da ita, daidai lokacin da duhu ke sauka. In ka kai ta ƙarfe goma na dare, maganar magaribar ta zama labari.

Ta biyu ita ce mai amshin nan da ke cewa raina lafiya lau. Horatio Spafford, lauya a Shikago ta Amurka, ya rubuta ta bayan jirgin ruwan da ya ɗauki iyalinsa zuwa Faransa ya nutse a watan Nuwamba na 1873. 'Ya'yansa mata huɗu suka tafi, matar kaɗai ta tsira. Mu Hausawa mun fi kowa saurin gane wannan waƙa, kuma mun fi kowa saurin yi mata kuskuren fahimta. Ka je asibitin St. Luke ka gaida mutumin da ke kwance da ledar ƙarin ruwa a hannu, zai ce maka lafiya lau, daga baya ne zai ƙara da "da sauƙi". To wasu suna rera ta kamar irin wannan amsa ta kunya, wato a haɗiye ciwo kada a ce ba ka da tawakkali. Karanta 2 Sarakuna 4:26: matar Shunem ta ce lafiya alhali ɗanta na kwance matacce a ɗaki, kuma da ta isa wurin Elisha ta kama ƙafafunsa cikin ɗacin rai. Lafiyar da waƙar ke nufi tana a baitin da ya ce an kafe zunubina dukansa a kan gicciye. Bulus ma a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana. Don haka in matar mamacin ta fashe da kuka a tsakiyar amshi, kada ka ɗaga murya don ka rufe ta, kada kuma ka tsaya. Ci gaba a hankali, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, sun san aikinsu.

Yanzu tsari. Zaman awa biyu waƙa shida ko bakwai sun ishe shi, da karatu a tsakani, Zabura 90 da ta 23 ba sa wuce wuri. A takardar da za ka raba, rubuta lamba tare da layin farko na kowace waƙa, domin za a zo daga Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada, wani da littafin Anglikan, wani da na cocin ECWA, kuma lambobin ba ɗaya ba ne. In ka kira lamba kaɗai, rabin tabarma za ta tayar da wata waƙa daban.

Abin da ya fi kayar da masu jan waƙa shi ne kama murya. Matashi yakan fara a inda ya yi wa maƙogwaronsa daɗi, sai an kai layi na uku a tarar waƙar ta haura inda tsofaffi ba sa kaiwa, maza su yi shiru, mata biyu uku su rage suna ƙaraji. Maganinsa: kafin ka buɗe baki, nemo wurin da waƙar ta fi tsawo sama, ka yi gunaguninsa a ranka a inda ba ka takura ba, daga nan ka gangaro zuwa farkonta. In cikin hunturu ne ka ƙara saukewa kaɗan, ƙura da sanyin dare suna cinye saman murya. Ruwan ɗumi da citta a gefenka, ban da ruwan sanyi.

Sai sauri. An ɗauka waƙar makoki dole a ja ta kamar ana jan kaba, wannan kuskure ne. Waƙar magariba gaɓa goma ce a kowane layi. Awonka shi ne tsohuwa ta iya gama layi guda da numfashi ɗaya. In ka ga ana shan iska a tsakiyar kalma, ka yi nauyi, ɗan matsa.

Akwai kuma wata matsala da ba laifin kowa ba ce. An fassara waƙoƙin nan ne a kan karin Turawa, wanda ke ƙirga gaɓa kawai, alhali Hausa tana da hawa da saukar murya da dogon wasali da gajere. Gari na zama da gari na tuwo, tsawon wasali ne ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya, faɗuwar murya ce. Karin waƙa yana iya ja inda Hausa ta gajarta, kalmar ta fita ba a gane ta ba. Shi ya sa ake karanta baitin farko a fili da muryar magana kafin a rera, kunne ya riga ya kama ma'anar. Minti ɗaya ne, kada ka yi rowarsa. Kuma shi ya sa waƙoƙin Zumuntar Mata, da aka ƙirƙira da Hausa tun asali, suke shiga jiki ba wahala. Ba su wuri sau biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya gab da rufewa. Amma ka roƙi shugabarsu tun da rana cewa babban tulu da caki su jira nasu lokacin, domin bugun tulu a kan waƙar littafi yana tura ta gudu.

Kibod ɗinka ka zo da shi, ya bi jama'a a baya, ban da kiɗan gangar nan da ke cikinsa. Ka shirya kamar za a ɗauke wuta, wato ka iya tayar da kowace waƙa da baki. Ka tuna tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa ginin ƙasa ce, an yi shekaru ana cika ta da waƙa babu lasifika.

Lasifikar ma ka juya ta ciki, ka rage. Gidajen Wusasa da yawa dangi a haɗe suke, 'yan'uwa Musulmi za su zo ta'aziyya su zauna tare da ku. In an kira sallar isha, sa karatu ko ɗan shiru a wannan tsakani don masu fita su fita a natse.

Korus ɗinka ajiye guda biyu don sujadar godiya ranar Lahadi bayan jana'iza, a can babu dattijon da zai hana ka. Kafin nan ka kai wa mai wa'azin jerin naka ya duba, kada ku yi karo a kan aya ɗaya. Ka gaida babanka, ka ce masa ya nemo tsohon littafin nan mai jan bango ya ba ka, rubutunsa ya fi girma don karatun dare.

Gwaggonka.