Ciwo a zuciya, hoto a ƙwaƙwalwa: amsa ga mai jego

'Yar'uwa, na ga tambayarki, cewa likita ya ce an haifi jaririnki da lalurar zuciya, amma sai ya rubuta hoton ƙwaƙwalwa, ke kuma kina ganin ina ruwan biri da gada. Allah ya ba shi lafiya. Don Allah ki daure a yi hoton nan. Ni ma na yi wannan zirga-zirgar da 'yata, daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim zuwa Asibitin Malam Aminu Kano.

Tun kafin suna na lura in ta kama nono sai ta saki tana haki, gumi ya tsattsafo mata a goshi, leɓenta ya yi duhu kamar ta sha ɗinya. Kakarta ta ce beli ne, a kira wanzami. Babanta ya hana, har gobe ina gode masa.

Ga yadda aka fahimtar da ni. Jini ne ke kai wa ƙwaƙwalwa iskar oksijin, zuciya kuma ita ke harba shi. In halittar zuciyar ta zo da tangarɗa babba, tun a ciki ƙwaƙwalwa ba ta samun cikakken rabonta. A 2007 wasu likitoci a Amurka suka fitar da binciken da suka yi da na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, a kan irin waɗannan jarirai, suka tarar ƙwaƙwalwarsu ta yi kama da ta bakwaini, alhali watanninsu sun cika, kuma tun ba a yi musu tiyata ba.

Mu da hoton maɗiga aka fara, da irin na'urar da ake duba mai ciki. MRI ɗin ce ta tsorata ni, ashe ba yanka, ba zafi, sai dai ƙara kamar injin niƙa. Aka cire mata 'yan kunne saboda maganaɗisun na'urar, na shayar da ita ta ƙoshi, aka naɗe ta, aka toshe mata kunnuwa, barci ya kwashe ta. Ina waje ina ta salati.

An ga ɗan tabo ƙarami. Shi ya sa aka haɗa mu da sashen gashin ƙashi da wuri. Ta yi jinkirin zama da tafiya, amma yau ita ke kora mana awaki daga bakin rumbu.

Ki haɗa duk takardunsa a leda guda, har da hoton zuciyar. In kuwa gudawa ko amai suka kama shi, kada ki jira gari ya waye, domin ƙarancin ruwa yana ƙara wa jinin irin waɗannan jarirai kauri.