Tambayi Edita: Sauti ya saɓa da baki, ATEM na ɗauke hoto, NEPA ta cinye rikodin

Assalamu alaikum 'yan editin da masu riƙe kyamara. Saƙonnin wannan karon yawancinsu daga masu haska tafsir kai tsaye ne da masu ɗaukar biki, na zaɓi waɗanda na ga matsalarsu ta shafi mutane da yawa. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya daga wani mai ɗaukar biki a Zariya: Oga barka da aiki. Na ɗauki dina da kyamara biyu da waya ɗaya, na haɗa su a manhajar editin ta Premiere Pro, da farko komai daidai amma da an kai wajen minti 20 sai hoton wayar ya fara saɓawa, MC ya gama magana bakinsa bai gama motsi ba. Na cire Premiere na sake sawa har yanzu haka. Ko kwamfutar ce ta gaji? Mai bikin ya dame ni da kira, dan Allah a taimaka.

Amsa: Malam ka ƙyale kwamfutarka, ko sau goma ka sake sa Premiere haka zai yi maka, wayar ce. Kyamarar aiki in ka ce mata firem 25, wato hotuna 25, a daƙiƙa to 25 ɗin za ta yi daga farko har ƙarshe. Ita kuwa waya za ta rubuta maka 30 amma a ciki ba ta tsayawa a kai, in haske ya ragu ko ta ɗau zafi sai ta rage, in abu ya daidaita ta dawo, kuma ka san yanayin wajen dina, fitilu na canjawa kowane lokaci ga waya ta yi awa guda tana ɗauka a hannun yaro. Shi sauti bai san wannan wasan ba, tafiyarsa kawai yake yi, shi ya sa ɗan bambancin ke taruwa a hankali har ya fito fili a minti na 20.

In kana son ka tabbatar, ka sauke MediaInfo, kyauta ne, ka buɗe fayil ɗin wayar ka duba inda aka rubuta Frame rate mode, in ka ga Variable to shi ke nan an kama ɓarawo. Sai ka sauke HandBrake, shi ma kyauta, ka sa bidiyon, a shafin Video ka zaɓi adadin firem ɗin da kyamarorinka biyu suka ɗauka, ka danna Constant Framerate, kwaliti ka bar shi wajen RF 18 don kar hoton ya lalace. Sabon fayil ɗin da ya fito shi za ka sa a madadin tsohon. In daga 30 ka sauko 25 za ka ɗan ga tsalle a wajen rawa, amma amarya ba za ta lura da wannan ba, bakin da ya saɓa kuwa kowa zai gani.

Nan gaba tun kafin a fara ka sa duka na'urorin a 25 ko 50. Wutarmu a Najeriya da Nijar 50Hz ce, 30 da 60 da wayoyi ke zuwa da su lissafin wutar Amurka ne, kuma shi ne ma yake jawo layukan nan da ke yawo a hoto ƙarƙashin wasu fitilun. Shota, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, ka ajiye a 1/50 ko 1/100. In janareto ne ba lallai ya tsaya a 50 cif ba, sai ka ɗan motsa shotar kana kallon allo har layin ya ɓace. A iPhone akwai Show PAL Formats cikin saitin kyamara, in ka kunna za ka ga 25. Sauti kuma kowa ya ɗauka a 48kHz, sannan a tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi a gaban duka kyamarorin bayan an danna rikodin, ranar editin za ka gode wa wannan tafin.

Tambaya daga kwamitin wani masallaci a Funtuwa: Salam. Muna haska tafsir da ATEM Mini Pro (na'urar da ake jona kyamarori a zaɓi hoton da zai fita) da kyamara uku. Biyu na kusa da malam lafiya lau, amma ta ukun da ke baya tana ɗaukar jama'a sai ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, wani lokacin baƙi ƙirin. Wayar HDMI ɗinta mita 20 ce sabuwa fil. Wani ya ce ATEM ɗin ne ya samu matsala mu sayi wani, shin haka ne?

Amsa: Allah ya saka da alheri da wannan hidima, amma kar ku taɓa kuɗin masallaci tukuna. Ku ɗauko kyamara ta ukun ku kawo ta kusa, ku jona ta da gajeriyar waya ta mita biyu a ramin ATEM da take ciki ɗin nan dai. In hoto ya tsaya cak, ATEM lafiyarsa ƙalau, kyamara ma haka, doguwar wayar ce. In bai tsaya ba ku mayar da ita rami na ɗaya, ta ɗayan ku kai ta na uku, ku ga matsalar wa ta bi, kyamara ko rami. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, in kuka canja waya da rami da kyamara gaba ɗaya ko ya gyaru ba za ku san me ya gyara shi ba, gobe ya dawo ana tsakiyar karatu.

Ni dai tun daga nan zargina na kan wayar. HDMI an yi shi ne don tsakanin dikoda da talabijin a falo, da ya wuce mita 10 zuwa 15 sai addu'a, kuma sabuntar waya ba ta hana siginal raunana a hanya. Abin da masu aikin talabijin ke amfani da shi SDI ne, wayar da kanta ke murɗawa ya kulle, mai kyau tana kai mita 100 da hoton 1080. Za ku sayi ƙananan kwanbata guda biyu, ɗaya a gindin kyamara ya mayar da HDMI zuwa SDI, ɗaya a gindin ATEM ya dawo da shi HDMI, na Blackmagic da USB suke cin wuta har fawa bank yana riƙe su. Akwai kuma HDMI na fayiba, yana tafiya nesa kuma ba ya buƙatar kwanbata, sai dai hanya ɗaya yake bi, kan da aka rubuta Source shi ke shiga kyamara, Display ya shiga ATEM, in aka juya ba za ku ga komai ba. Amma a masallacin da ɗaruruwan mutane za su taka waya, yara su ja ta, a naɗe ta kullum bayan an tashi, ni SDI zan zaɓa, fayiba in ta lanƙwashe da ƙarfi sau ɗaya ta tafi.

In kuma gwajin ya nuna kyamarar ce, ku duba abu uku. ATEM Mini ba ya karɓar 4K, iyakarsa 1080, to a shiga saitin HDMI na kyamarar a sa 1080p da hannu kar a bar shi a Auto. A kashe saitin da ke sa kyamara barci in an daɗe ba a taɓa ta ba, ta baya ai ita ce ba mai tsayawa a kanta. Sannan ƙaramin ramin HDMI na kyamarori saurin sakwarkwacewa gare shi, a ɗaure wayar jikin tirayfod da salatif don kar nauyinta ya riƙa jan ramin. In kun lura ɗaukewar na zuwa ne daidai lokacin da aka juya daga NEPA zuwa janareto ko aka kunna AC, to a sa ATEM da kwanbatocin a kan UPS.

Tambaya daga wata malama a Kaduna: Ni ce ke kula da haska musabaƙar makarantarmu. Mun jawo sauti daga miksan masu lasifika zuwa ATEM, sai wani ƙugi yake yi ƙasa-ƙasa ba ya tsayawa, kuma muryar yara tana riga bakinsu fita. Ya zan yi?

Amsa: Malama sannu da ƙoƙari, matsala biyu ce daban-daban. Ƙugin nan na wuta ne, yana faruwa in miksa na kan soket ɗaya ko ma janareto daban, kayan bidiyo na kan wani, sai wayar sauti ta zama ita ce ta haɗa su. Ki gwada, in laftof na jone ki zare cajarsa, ko ki zare wayar sautin ki ji ko ƙugin ya mutu. Gyaran farko a jona miksa da kayanku a layin wuta ɗaya. In bai yiwu ba a nemo DI box, ɗan akwatin da ake bi da wayar sauti ta cikinsa, mai maɓallin Ground Lift ko ƙaramar na'urar ground loop isolator a sa tsakani. Dan Allah kar ki yarda wani ya ce zai karya ƙafar at (earth) ta fulogi, wadda ke kare mutum daga jan wuta, ƙugin zai iya tafiya amma ranar da wuta ta zubo jikin miksa wanda ke riƙe da makirfo ne zai sha. Ki kuma shiga ATEM Software Control ki duba ramin Mic ɗin, an sa shi a Line ko Microphone, abin da ke fitowa daga miksa Line ne, in aka bar shi a Microphone murya za ta fashe kuma kowane ƙugi zai ninku.

Rigayen murya kuwa ba lalacewa ba ne. Sauti daga miksa kai tsaye yake zuwa, hoto sai ya bi ta cikin kyamara ta sarrafa shi tukuna, sai ya makara. A cikin manhajar dai akwai Delay na ramukan Mic, har firem 8 yake kaiwa. Ki sa yaro ya tafa a gaban kyamara ki ɗauka ki kalla, ki ƙara firem ɗaya-ɗaya har tafin da ƙararsa su haɗu. Mai amfani da OBS, manhajar live da rikodin ta kwamfuta, zai samu irinsa a Sync Offset, can da milisakan ake lissafi, firem ɗaya a 25 milisakan 40 ne.

Tambaya daga Maraɗi: Ina live a Facebook da OBS, masu kallo suna cewa yana tsayawa yana tafiya. Laftof ɗina Core i5 ne, na ƙara RAM bai canja ba.

Amsa: Ɗan'uwa da ka buɗe Stats a ƙarƙashin View kafin ka sayi RAM da kuɗinka na aljihu. Layi uku ne ke faɗa maka gaskiya. In Dropped Frames ne ke hawa, netwok ne. In encoding lag ne, furosesa ce ta kasa, sai ka canja Encoder daga x264 zuwa QuickSync tunda Intel gare ka, ko NVENC ga mai katin Nvidia. In rendering lag ne, ka rage tarkacen da ka jibga a allo. A yankinmu galibi na farkon ne, mutum zai gwada intanet da rana ya ga gudu, ya manta da daddare kowa na kan layi, kuma gudun ɗorawa ake dubawa ba na saukewa ba. Ka sauko 720p, bitret, wato yawan datar da kake turawa a daƙiƙa, wajen 2500 kbps, kar ya wuce rabin abin da gwaji ya nuna maka, ka jona rauta da waya maimakon Wi-Fi. A 2500 ɗin awa ɗaya na cin data kusan 1.1GB, wato karatun awa biyu kullum na kwana 30 ya doshi 70GB, a faɗa wa masu ɗaukar nauyi tun wuri.

Tambaya daga Kano: NEPA ta ɗauke ina tsakiyar rikodin walima a OBS, fayil ɗin na nan 6GB amma ya ƙi buɗewa. Akwai dabara?

Amsa: Wayyo, Allah ya mayar da alheri. MP4 na gargajiya sai an danna tsayawa yake rubuta bayanin da ake buɗe shi da shi, in wuta ta yanke kafin nan sai a bar ka da nauyi ba hoto. Ka gwada Untrunc, kyauta ne, za ka ba shi lalataccen tare da wani lafiyayyen da aka ɗauka da saiti iri ɗaya, wani lokacin yana ceto shi, amma ban yi maka alkawari ba, kuma a kan kwafi za ka gwada. Daga yau ka sa OBS ya riƙa ɗauka a MKV, ko an ɗauke wuta abin da aka ɗauka na nan, in ka gama ka shiga File ka danna Remux Recordings ya mayar maka MP4 cikin ɗan lokaci ba tare da hoton ya ragu ba. Kuma kowace kyamara ta riƙa ɗauka a katinta ko da ana live.

Tambaya daga Gusau: Na buɗe aikina duk ya koma ja, Media Offline.

Amsa: In a diskin waje aikin yake, Windows ce ta canja masa harafi, jiya E yau F. A Premiere ka danna Link Media ka nuna masa fayil ɗaya, sauran zai nemo su da kansa in ba ka canja musu suna ba. Sannan ka shiga Disk Management ka ba diskin harafi na can ƙasa kamar V, filashin da aka soka ba zai ƙwace masa ba.