Ƙwayoyin jini masu siffar ƙwai ba sikila ba ne

'Yar'uwa, kin ce likita ya ga jajayen ƙwayoyin jinin ɗanki sun miƙe kamar ƙwai, kina tambaya ko sikila ce. A'a, ba ita ba ce. Sikila daga himogulobin take, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin ƙwayar, ita kuwa wannan matsalar tana jikin fatar ƙwayar ne.

A ƙarƙashin fatar akwai wata raga da furotin sifektirin ya saƙa, wasu furotin biyu, ankirin da 4.1, suna ɗaure ta. Ragar nan ce ke ba ƙwayar damar lanƙwashewa ta kutsa ta 'yan tsagogin saifa da ba su kai rabin faɗinta ba, ta fito ta koma siffarta ta faifai, har tsawon rayuwarta ta kimanin kwana 120. Idan ɗaya daga ƙwayoyin gadon da ke tsara sifektirin, wato SPTA1 da ke kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 1, ko SPTB da ke na 14, ta samu tangarɗa, ƙullin ragar sai ya sassauta, ƙwayar jinin ta miƙe ta kasa dawowa.

Ana yawan ganin wannan matsalar a Afirka ta Yamma. Wanda ya gada daga ɓangare ɗaya galibi ko a jikinsa. In daga uwa da uba ne, jini kan ragu, ido ya yi ɗorawa, saifa ta kumbura. Ki nemi a duba jininki da na mahaifinsa.